Kwana Biyun da Muka Ƙi Amsa wa Baba

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da kwana biyun da mahaifinmu ya yi yana magana a cikin ɗakinsa, mu kuma muna zaune kewaye da shi kamar kurame.

Baba dillalin albasa ne a Kasuwar Shasha da ke Ibadan. A Sabo, unguwar Hausawa, aka haife shi, a Sabo ya yi furfura, amma ban taɓa jin kalmar Yarbanci ko ɗaya ta fito daga bakinsa ba. Ko a kasuwa da Hausa da ɗan Turancin buroka yake cinikinsa. A gida kuwa doka ce, in ka shigo ka bar Yarbancinka a waje. Ni da bakina ba ya da linzami, ni na fi kowa shan ranƙwashi a kan wannan doka, har na yi aure ban daddara ba.

Wata safiya Umma ta kira ni a waya, ta ce Baba yana shan koko kofin ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace. Muka ɗauke shi a keke napep sai asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannu da ƙafar dama sun tafi. Washegari ya farfaɗo, muka yi ta hamdala. Yana buɗe baki sai Yarbanci, ba ma irin namu na 'yan makaranta ba, irin na tsofaffin cikin garin Ibadan.

Umma 'yar Kano ce, zamanta a Sabo gaisuwa kawai ya koya mata, sai ta ja da baya tana salati. Baba Ƙarami, ƙanen Baba da suke uba ɗaya, nan take ya yanke hukunci cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, aljani ne ya hau shi. Ma'aikatan asibiti suka yi ta ba shi baki, ya toshe kunnensa, ya sa hannu a takarda muka dawo da Baba gida. Kafin mu shiga ɗaki ya tara mu a tsakar gida.

"Ba Yaya ne ke magana ba," in ji shi. "Kada wanda ya amsa. In kuka amsa masa, ya samu wurin zama ke nan."

Har gobe ina jin kunyar abin da zan faɗa: ina jin duk abin da Baba yake cewa, amma na yi shiru. Ya tambayi hularsa, ya tambaya ko motar albasa ta iso, ya yi ta kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Mukan ba shi abinci, mu gyara masa shimfiɗa, mu kau da kai. Malamai biyu na zaune a gefensa suna karatu, matan unguwa suna shigowa su zauna jigum, su share hawaye su fita. Tsoro ne ya kama ni, kuma na gaskata Baba Ƙarami, don me zai sa mutumin da ya ƙi jinin harshe ya wayi gari da shi a baki?

A rana ta uku bayan azahar na kai masa kunu, na tarar ba kowa a ɗakin sai shi. Tun safe ya daina magana. Na durƙusa zan ɗaga kansa, sai ya riƙe min wuyan hannu da hagunsa. A hankali ya tambaye ni, da Yarbanci, ko an riga an yi masa wanka. Ban san lokacin da na amsa da harshen ba, na ce wane wanka, Baba?

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Ashe kina ji na? Na ga ana karatu a kaina, mata suna kuka, ina magana ba mai amsawa. Na zaci na mutu ne."

Na ajiye kofin na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Na gaya masa yana raye, muna gida, Umma tana tsakar gida. Ya sa na maimaita masa har sau uku.

Da yamma Gwaggo, yayarsu duka, ta iso daga Shagamu. Da ta ji labari ta yi wa Baba Ƙarami tas. Ta ce mahaifiyarsu, ita da Baba, ta rasu yana jariri, maƙwabciyarsu Bayarbiya ce ta shayar da shi ta raine shi, bai iya Hausa ba sai da aka sa shi makarantar allo. Can yara suka yi ta yi masa dariya har ya ɗaure bakinsa daga Yarbanci. Da muka mai da shi asibiti, likita ya bayyana mana cewa ciwon ya taɓa wurin da magana take a ƙwaƙwalwa, kuma ga mai harshe biyu wani lokaci ɗaya yakan riga ɗaya dawowa. Ya ce mai yiwuwa ma Baba bai san da wane harshe yake magana ba, a zatonsa Hausa yake yi mana.

Hausarsa ta dawo kaɗan-kaɗan cikin watanni, ko da yake ba ta dawo duka ba. Bai taɓa yi mana ƙorafi a kan kwanakin nan ba, wannan ne ma ya fi ci min rai.

Abin da na koya shi ne, ciwon ƙwaƙwalwa yana iya sauya wa mutum harshe, ya sauya masa hali, amma mutumin yana nan ciki yana ji. In mara lafiyarka ya yi magana, ko ba ka gane ba, ka amsa masa. Mun ciyar da Baba, mun yi masa addu'a, amma da shirunmu muka binne shi kwana biyu da ransa.