Ashafa da Kiɗan Barazil

A unguwar Awali ta Madina aka haifi Ashafa, cikin gonar dabinon da mahaifinsa ke yi wa ban ruwa. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya shiri da fartanya, sai kaɗa bayan garwa. Da ya girma ya zama mai babbar ganga a wasan mizmar, rawar sandunan nan da mazan unguwarmu ke yi a biki. Aikin ba shi da wuya: ka riƙe bugu ɗaya kada ka canza, don da shi masu rawa ke sanin lokacin sauke sanda da lokacin kaucewa. Ya riƙe shi shekaru, ba a taɓa fasa kan kowa a gabansa ba.

Wajen 1978 ya kai dabino Jidda, ya haɗu da wani ɗan Barazil ma'aikacin tashar jiragen ruwa, mai kaɗa ganga in an tashi aiki. Wuni suka yi tare, ba mai jin yaren wani. Ashafa ya dawo da riga mai furanni, yana kiran kansa ɗalibin ustazu. Ustazun ba Musulmi ba ne, ba zai shigo Madina ba, saboda haka ba mu sami wanda za mu tambaya ba.

Ya kaɗa wa matarsa Iyatu sabon kiɗan da ya koyo, ta saurara, ta ce, "Malam, wannan ai kamar tukwane sun zubo daga kanta."

"Ba ki waye ba ne," in ji shi.

Ranar auren ɗan Ƙasimu, shugaban 'yan wasan, Ƙasimu ya ja shi gefe.

"Ya waladi, ɗana, kiɗan gida za ka yi mana. In ka kawo na Jidda, ka ajiye gangar, halas, shi ke nan."

"Abshir, Baba, an gama."

Ya fara lafiya. Da ya ga manyan baƙi daga unguwar Sultana sun cika fili, sai hannun ya tuna ustazu. Ya tsallake bugu, ya cusa ƙanana uku a gurbinsa. Baban amarya na tsakiyar fili yana jiran bugun da zai kauce da shi. Bugun bai zo ba. Sandar ce ta zo, kuma a hannun Ƙasimu take.

Aka naɗa wa surukin ƙyalle a ka, biki ya ci gaba. Gangar, wani aka miƙa wa.

Tun ranar, gefen wuta Ashafa ke zama, yana gasa fatun ganguna su ɗame kafin ya miƙa wa makaɗa. Yakan gaya wa baƙi cewa a Barazil wannan ne aikin manya. Mu dai ba mu taɓa zuwa ba.