Ozella da Wayar Maƙabarta

Goggona Ozella Stidham shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wake da burodin masara a kicin ɗin makarantar garinmu, can cikin duwatsun gabashin jihar Kentucky ta Amurka. A bayan takardar buhun fulawa take rubuta waƙoƙinta. Mawaƙan birnin Nashville sun sha zuwa har ƙofar kicin ɗin suna roƙo, kuma huɗu daga cikin waƙoƙin sun shiga faifai, direbobin manyan motoci suna bin su a rediyo ba su san mai su ba. Da mawaƙan suka ce ta koma birni, sai ta tambaye su wa zai ciyar da yara ɗari biyu ranar Litinin.

Babana Verlin, yayanta, shi ya koya mata jita tana 'yar shekara goma sha biyu. Daga baya ya shiga coci da gaske, ya miƙa mata jitar, ya zama dattijon da ke jan waƙa. A cocinmu murya kawai ake yarda da ita: dattijo ya ja baiti, jama'a su amsa. Abin kiɗa ba ya shiga coci, ba ya shiga maƙabartarta. Babana mutumin kirki ne, amma taurin kai a gidanmu gado ne, kuma su biyun sun raba shi daidai.

Mijinta Doyle mahaƙin kwal ne, ƙurar ta cinye masa huhu. Akwai waƙar da ta yi masa kan yadda take cuɗa masa baya in ya dawo daga rami, ruwan ya koma baƙi. Yana kwance yana jan numfashi da ƙyar ya roƙe ta abu ɗaya: ta kaɗa masa ita a bakin kabarinsa, da jita. Ta yi masa alkawari. Babana ya ce ba za a yi ba.

Mun zaci za a yi tashin hankali. Ta dai nemi a haƙa kabarin a can ƙarshe, jikin wayar shinge, inda ruwa ke kwanciya, wurin da kowa ke gudu. Matan coci suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta.

Ranar jana'iza, ana sauke akwatin gawar, sai ta fice ta ƙofa, ta ɗauko jita a mota, ta zagaya ta makiyayar maƙwabci, takalminta na nutsewa a taɓo. Ta tsaya a bayan waya, tsakaninta da kabarin bai fi kamu biyu ba.

Babana ya ce, "Ozella, ki ji tsoron Allah, kada ki kunyata mu."

Ta ce, "Yaya, ikonka a wannan wayar ya ƙare. Nan wurin shanu ne, ka tambaye su in suna da magana."

Ta kaɗa waƙar tun daga farko har ƙarshe, muryarta ba ta yi rawa ba. Ni ce na yi kukan a madadinta, kuma har yau ina alfahari da ranar. Kafin wata ya cika aka cire sunanta daga coci. Ba ta nemi gafara ba, domin a cewarta cika alkawari ba laifi ba ne. Ta sayi ɗan zirin makiyayar nan na jikin wayar daga hannun maƙwabcin. Duk bazara, ranar da iyalai ke zuwa share kaburbura da ajiye furanni, tana can bayan waya a kan kujerarta tana kaɗawa, yara suna sulalewa wurinta ɗaya bayan ɗaya. A nan na koya, haka ma rabin masu jitar gundumarmu. Shekara goma sha tara ita da babana gaisuwa kawai ke haɗa su.

Da ta rasu muka tarar ta bar wasiyya: a binne ta a zirin nan, kafaɗa da kafaɗa da Doyle, waya a tsakani, don duk mai son ya kaɗa mata ya kaɗa. Ranar jana'izarta masu jita sun fi arba'in, wasu daga jihohi masu nisa. Aka ce ni zan fara, da jitarta.

Babana yana da shekara tamanin da takwas a lokacin. Ya zo da sandarsa, amma ta ƙofar maƙabarta ya shiga, ya tsaya daga ciki ya riƙe waya. Na ƙudurta ko me zai ce ba zan tsaya ba. Na kai tsakiyar baiti na biyu sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ke, ba haka take kama wurin nan ba. Matsar da yatsanki kan tsirkiya ta uku. Ni na koya mata."

Na matsar. Ya ce in sake daga farko.