Ɗaurin Kwandon Argungu

Akwai wata ƙara da nake wuni da ita a kunne, ƙarar salatif idan ana naɗe kwali. A shagona na Birnin Kebbi ina jin ta tun safe har la'asar, domin sana'ata ke nan. Mutum ya zaɓi atamfa ko turare a waya, mu naɗe, mai babur ya kai masa har ƙofar gida. Ban raina wannan hanya ba, da ita nake ci nake sha, kuma duk wanda ya ce maka da can an fi jin daɗi, ka tambaye shi ko ya taɓa tsayuwa a tasha da azumi a bakinsa yana jiran kaya. Amma duk sa'ad da ƙarar nan ta yi yawa, sai hankalina ya koma kan wata tsohuwar igiyar taru mai warin kifi da hayaƙi, wadda mahaifiyata ba ta yarda a sa mata wuƙa.

Kakana na wajen uwa masunci ne a Argungu. Dogo ne, ba shi da yawan magana, tafin hannunsa duk kanta. Mahaifiyata ce kaɗai mace a cikin 'ya'yansa, aure ya kawo ta Birnin Kebbi, gidan ma'aikacin gwamnati. Da zarar ruwa ya fara janyewa daga fadama kifi ya samu, sai kwandonsa ya fara zuwar mana kusan kowane wata. Bandar tarwaɗa ce da ragon ruwa, an shimfiɗa takardar siminti a ƙasa, an rufe da wata a sama, an zagaye da igiya. In kakar shinkafa ce, yakan cuso ƙullin sabuwar shinkafa a gefe.

Kwandon ba ya zuwa gida. Wa zai kawo maka? Lungunmu ba shi da suna, gidanmu ba shi da lamba, in kana kwatance sai ka ce bayan masallaci, inda dogon yaro ya karkata. Mahaifina dai yana da akwati a gidan waya, ɗan makullinsa na rataye tare da na ofis, kuma ranar da ya tarar da 'yar takardar da ke cewa ya zo ya karɓi kaya, har babbar riga yake sakawa. Na taɓa raka shi, na ga layi, na ji ƙarar hatimi a kan teburin ma'aikata, muka dawo da littattafai. Sai dai kifi ba ya bin gidan waya. Direban motar Argungu yakan sauke kwandon a shagon wata Bayarabiya da ke bakin tasha, kuma mahaifiyata kan ce shi ne nata gidan wayar.

Matar nan ta daɗe a garin, har in tana magana a bayanka ba za ka ce ba Bakabiya ba ce. Robobi da kwanuka take sayarwa, amma rabin shagon kayan mutane ne masu jiran a zo a ɗauka: buhun albasa, katifa a naɗe, wani lokaci har zakara a ɗaure a ƙafar benci. Ni da mahaifiyata muke zuwa, ni da roba a ka. Sai ta zauna a bencin nan ta ɗora kwandon a gabanta ta fara fama da ɗaurin. Irin ɗaurin masunta ne, wanda in ka ja shi ƙara kamawa yake yi, kuma kakana yakan matse shi da duk ƙarfinsa. Tana kwancewa tana mita.

"Tsohon ga, sai ka ce giwan ruwa yaɗ ɗamre! Dubi abin da yay yi wa akaihwata."

Tana faɗa tana murmushi. Mai shago ta sha miƙo mata wuƙa, ba ta taɓa karɓa ba. In ta kwance, sai ta ware wa mai shago nata rabon, ta juye sauran a robata, sannan ta zuba goro da sukari da sabulu a kwandon, domin a wurinmu ba a mayar da mazubi wayam. Ta naɗe igiyar ta sa a ciki. Kafin ta gama direba ya zo shan ruwa, ya ba ta labarin gida: wa ya haihu, wa ya sayi sabon kwalekwale, tsoho ya ce a gaishe ta. Ni kuwa ina gefe ina cin kan tarwaɗa, ba abin da ya sha mini kai.

Shekarar da mahaifiyata ta samu cikin ƙanena, abubuwa suka canja. Cikin ya zo mata da nauyi, ƙafafunta suka kumbura, ga bazara ta shigo da zafinta. A lokacin 'yan kabu-kabu sun fara yawa a gari. Mahaifina, da yake mutum ne mai tausayi, ya yi magana da wani daga cikinsu, ya ce duk ranar da kwando ya sauka ya kawo shi gida. Kowa ya ce wannan dabara ta yi, ni ma na yi murna, na huta da ɗaukar roba.

Sai dai kwando ba ya zama a bayan babur. Mai babur sai ya sa wuƙa ya datse igiyar, ya juye kifin a buhu, ya ɗaure da robar taya, ya bar kwandon a shago. Kifi na isowa lafiya, ko ɗaya ba ya ɓata. Mahaifiyata ta tambaye shi lafiyar tsoho, ya ce shi bai ga direba ba, kaya kawai aka ba shi. Ba ta yi ƙorafi ba, domin ta san don sauƙinta aka yi, amma na lura ta daina murmushin nan idan kifi ya zo. Takan juye shi a tukunya ta rufe kamar wanda aka sayo a kasuwa. Haka aka yi ta tafiya har damina ta kusa.

Wata ranar da hantsi sai ga mai babur ya yi sallama hannu rabbana. Ya ce mai shago ta hana shi kayan, ta ce uwar gida ta zo da kanta. Mahaifiyata ba ta tambayi dalili ba. Ta yafa mayafi, ta ce in biyo ta, muka hau bayan babur ɗin, ita da ko zuwa maƙwabta sai ta huta a hanya.

Mai shago ta tare mu a bakin ƙofa ta zaunar da ita a benci.

"Ƙawata, zamna tukuna. Shekara da shekaru da igiyatai nika ɗaukar kwandon ga, bai taɓa kwance mini ba. Yau na ɗaga, yaw warware a hannuna. Na watan jiya ma sako-sako yaz zo, ban kawo komi ga raina ba. Kuma direba ko ruwa bai tsaya sha ba."

Ta jawo kwandon. Gefe ɗaya ya kwance, ɗaya gefen da sauran ƙulli. Mahaifiyata ta taɓa shi da ɗan yatsa. Irin ƙullin da ake wa damin itace ne, wanda ko ni na iya. Sai ta ce a hankali, "Wanga ba hannun Baba na ba."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ta miƙe ta nufi cikin tasha, ina riƙe da gefen zanenta. Muka tarar da direban yana lodin komawa. Da ya hango ta sai ya duƙufa kan taya kamar yana neman wani abu.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Mi yas samu Baba?"

Ya share zufa da hularsa. "Ya sa ni rantsuwa. Ya ce kina da nauyi, kar a tada miki hankali. Ni dai ban hwaɗi komi ba." Sai ya buɗe ƙofar motar. "Amma akwai wuri gaban mota."

Kifin ranar a shago muka bar shi. Ta aiki mai babur ofishin mahaifina da saƙo, muka shiga mota. Ina tuna hanyar: gonaki an yi shara ana jiran ruwa, hadari na haɗuwa yana watsewa, ita kuma ta dafe ciki da hannu ɗaya, igiyar na naɗe a ɗayan, bakinta na motsi.

Muka same shi kwance a tabarma a ɗakinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya saki, bakinsa ya ɗan karkace. Tun watan da ya wuce hannun ya fara yi masa nauyi, ya ɓoye, sai da ya faɗi a bakin ruwa yana gyaran taru. Kawunnaina suna ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, shi kuma ya kafe ba za a kai shi asibiti ba, ba kuma za a gaya wa 'yarsa ba. Shi ya dage sai an aika kwando kamar kullum, don kar ta ji shiru ta yi zargi. Matar babban kawuna ce ta ɗaure.

Da ya gan ta sai ya rufe ido. Maganarsa na fita da ƙyar.

"Wa yah hwaɗa miki?"

Ta ajiye igiyar a kan ƙirjinsa. Ya dube ta, ya juya ya dubi surukarsa da ke raɓe a bakin ƙofa, ya ce, "Na hwaɗa maku ɗamrin ga ba ya ruɗin ta." Mahaifiyata ta fashe da dariya da kuka a lokaci guda, sannan ta share fuska ta ce a haɗa kayansa. Maza uku sun kasa tanƙwara shi, ita ko musu bai yi mata ba.

Kafin la'asar sakaliya mahaifina ya iso da motar haya. Aka kawo tsoho asibiti a Birnin Kebbi, aka ce hawan jini ne, kuma da an ƙara jinkiri wani bugun na iya zuwa ya tafi da shi gaba ɗaya. Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Shi ya riƙe ƙanena ranar suna da hannun hagu, ya kuma yi shekaru bayan nan. Hannun dama dai bai dawo ba. A tsakar gidanmu ya koya wa mahaifiyata ɗaurin nan, da baki da hannu ɗaya da faɗa mai yawa, ni kuma na koya a gefenta ina shan nawa rabon faɗan. Mahaifina kuwa, daga lokacin, in kwandon kawunnaina ya sauka, shi da kansa yake ɗaukar ta a kan mashin ɗinsa ya kai ta shago, ya tsaya yana gaisawa da direba har ta gama.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Mahaifina ya so ya hutar da ƙafarta, kakana ya so ya hutar da zuciyarta, mai babur ya yi aikin da aka sa shi. Da duk hutun nan ya tafi yadda aka tsara, da ta'aziyya za a kira ta Argungu. Abin da ya hana shi ne akwai wata mata a bakin tasha da ta san nauyin kwandonmu a hannunta, ta kuma san mu.

Yanzu kakana da mahaifina duk sun riga mu gidan gaskiya. Bayarabiyar ta tsufa ta koma garinsu, shagon ya zama wurin cajin waya da cirar kuɗi, amma har yau direbobi na ajiye kaya a wurin. Mahaifiyata ta koma Argungu cikin 'yan'uwanta, ita ce yanzu take aiko mini da banda. Kwando ya koma kwali, igiyar ta koma ta leda, ɗaurin ne kawai bai canja ba. Kullum muna waya, kullum amsarta ɗaya ce: "Lahiya lau." Ko kiran da ake ganin fuska ne, sai ta sa kwalli ta gyara ɗankwali kafin ta ɗauka. 'Yar ubanta ce, na san abin da za ta iya ɓoyewa.

Shi ya sa 'ya'yana ke mini dariya, wai mai aika wa mutane kaya har gida ita ce ke tafiya tasha da ƙafarta. Masu baburana sun sha cewa, "Hajiya, ki bari mu ɗauko miki." Nakan ce su ɗauko duk abin da suka ga dama, atamfa daga Kano, turare daga Maiduguri, ban da kwalin Argungu.

Makon jiya ya sauka. Na rufe shago na tafi, na zauna a kan bencin mai caji, na ɗora kwalin a gabana, gabana na ɗan faɗuwa kamar yadda yake yi kowane wata. Na ja ƙullin, ya ƙara kamawa. Na sa farce na yi ta fama har farcen ya karye. Yaron shagon ya ga ina tsotsar yatsa ina dariya ni kaɗai, ya miƙo mini reza.

Na ce, "Mayar da rezarka, ɗana. Tsohuwa tana nan da ƙarfinta."