Yadda Yaya Rukayya ke gaida littattafai

Shekara uku ke nan da rasuwar yayata Rukayya, amma har yau in aka ambaci laburare a gabana sai kunnena na hagu ya yi zafi. Shi ta fi ja. Duk wanda ya san ni a Talata Mafara ya san kunnen nan ya fi ɗan'uwansa tsawo, to aikinta ne. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Sakkwato, tana rubuta kundin kammala karatu a kan noman rani a Bakura, ta taho gida hutu, 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta a hanya. Ba ta iso ba.

Sau ɗaya ta taɓa shiga da ni laburaren jami'arsu, ina ƙaramar sakandare. Ban taɓa ganin littattafai haka ba. Layin kanta ɗaya, sai ka nemi ɗan kabu-kabu ya kai ka ƙarshensa. Ni kuwa ɗan gidan tarbiyya, ina shiga na rangaɗa sallama, na bi tebur tebur ina gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya mutanen gari. Wani mai tabarau ya dube ni kamar awakinmu sun cinye masa dawa. Ban kai ga tambayar lafiyar iyalinsa ba Yaya ta damƙi kunnen, ta kai ni lungu, ta ce a nan ba a gaida mutane, littattafai ake gaidawa.

Da gaske take. Ta ɗauko littafi, ba ta buɗe farkonsa ba, ta juya can baya inda marubucin ya jera waɗanda ya ɗauko magana daga gare su. Ta ce waɗannan su ne iyayensa, kuma ba a amsar maganar baƙo sai an san ɗan gidan wa ne. In ka duba littafi uku ka ga duk sun ambaci mutum ɗaya, to shi ne kakan gidan, ka bar jikoki ka tafi wurinsa. In ka sami littafin da kake nema, kada ka zare shi ka gudu kamar ka saci mangwaro, ka dubi na damansa da na hagunsa, maƙwabta ne, sau da yawa sun fi shi sanin abin da ya kawo ka. Ka dubi shekarar da aka buga shi, don tsoho ba zai ba ka labarin jiya ba. Kuma kada ka ce wa ma'aikacin laburare kana son littafi a kan noma, sai ya nuna maka rabin ginin. Ka matse tambayarka ta zama ƙarama, kamar me ya sa albasa ke ruɓewa kafin ta kai kasuwa.

Ba a jami'a ta fara koyon wannan ba. Kakanmu na wajen uwa, Malam na Bakura, in almajirinsa ya kawo magana a zaure, sai ya tambaye shi wa ya faɗa, a wane littafi, shi kuma a wurin wa ya ji. Haka zai yi ta bi har yaro ya yi da-na-sanin buɗe baki. Yaya ta ɗauki halin nan ta kai shi Sakkwato, shi ke nan.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Abokaina da suka riga ni shiga jami'a sun ce ba su san ƙofar laburare ba. Waya suke tambaya, ta zubo musu shafi goma kafin shayi ya huce, ba uwa ba uba. Da Yaya na nan, da wayar ma sai ta nemi kunnenta. Laburaren makarantarmu kuwa, gara ce kaɗai ke zuwa kullum, ina jin ta kusa gama digiri na biyu. Gonakin da Yaya ke rubutu a kansu, wasu ba a iya zuwa yanzu. Danginmu na Damaga sun taso, suna zaune a zaurenmu.

Bana na gama sakandare, na ci jarrabawa, jami'ar Yaya ta ba ni gurbi. Na yi ta tsalle har kaji suka bar gidan. Baba ya ce ba inda zan tafi. Ana gab da rufe rajista, in ta wuce ta wuce.

Sai na ce bari in yi yadda aka koya mini, in bi maganar nan in ga ɗiyar gidan wa ce. Na durƙusa na tambayi Baba a wurin wa ya ji. Ya ce shi da so samu ne in tafi, amma ƙaninsa Baffa Sani na Maradun ya ba shi shawara. Na kira Baffa, muka gaisa har kuɗin wayata ya kusa ƙarewa, sannan ya ce shi ba ruwansa, Malam na Bakura ne ya ce a dakata. Na hau mota sai Bakura, ina murna na gano kakan gidan. Malam ya saurare ni har na gama, har da hadisan neman ilimi da na haddace don shi. Ya ce hadisan daidai ne, amma maganar ba tasa ba ce, aiko masa da ita aka yi.

"Koma gida, ɗan nema," in ji shi. "Ka baro mai maganar tana tuƙa maka tuwo."

Inna ke nan, wadda ta yi guɗa ranar da sakamakona ya fito.

Na same ta a madafa tana tankaɗe. Na tanadi barkwanci uku da hujja bakwai, ban yi amfani da ko ɗaya ba. Yaya 'yar fari ce, kuma tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba, don kunya. Ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Ni na hana. Ni na matsa wa babanku sai da ya bar Rukayya ta tafi. Ka ce mini hanya ta gyaru, in ɗaure maka kaya yau."

Na san inda ake neman amsar abubuwa da yawa, amma ba wanda zan ambata in ce shi ya faɗa hanya ta gyaru.

Abin da ya rage na Yaya ke nan a wurina. Ba digiri, kundinta bai kammalu ba, laburaren da ta so ba zan koma cikinsa ba. Ta bar mini yadda ake bin magana har gidansu, kuma dabarar tana aiki, na gwada. Ku da ke jami'a, ku shiga ku gaida littattafan nan, ko don mu. Ni an rufe rajista ranar Juma'a, ina tsakar gida ina taya Inna tsince shinkafa. Allah ya haskaka kabarin Rukayya, ya sanyaya zuciyar wadda ta haife ta.