Malamin da Ya Sa Kore a Sama

Shekara ashirin da takwas ya yi yana koyar da kimiyya da fasaha daga aji huɗu zuwa shida, kuma duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka, sai Malam Gwaji. Yara ne suka laƙaba masa, don duk abin da aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce: “Mu gwada mu gani.”

Ɗan mai gyaran rediyo ne. A shagon mahaifinsa ya tashi, cikin ƙaurin dalma da tarkacen lasifika. Ba kimiyya ya karanta ba. Lissafi aka ɗauke shi koyarwa, sai ƙararrawar makaranta ta lalace a makonsa na farko, ya kwance ta ya gyara. Hedimastan wancan lokacin ya ce ai ga malamin kimiyya ya samu, magana ta zauna ke nan.

A kusurwar ajinsa akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, cike da gwangwanaye, da murafen kwalba, da maganaɗisun tsofaffin lasifika, da sirinji marasa allura, da guntayen madubi. Da waɗannan ya koya wa yara yadda tururi ke komawa ruwa, da yadda ƙaramin yaro zai ɗaga babban dutse da sanda. Aibinsa guda ne, kuma kowa ya sani: ba a yi masa gyara. Abin da idonsa ya gani ya ganu. In ka musa, sai ya cire tabarau ya dube ka har ka tuna kana da wani aiki a waje.

A shekarar da ya cika hamsin da biyu ne hukumar ilimi ta aiko da kayan gwaji, kwali biyu. A ciki har da wata leda ta ƙananan ƙwayayen fitila, ba su fi ƙwayar wake ba. Malam ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce 'yan aji shida za su haɗa danja, irin fitilun nan uku da ke ba motoci hannu a mararraba.

Ranar Talata da hantsi ya tsaya gaban yara hamsin da huɗu. Ya huda kwali wuri uku, ya zura ƙwayaye, ya jona waya da batir. Ya taɓa wayar farko, ƙwan sama ya kama.

“Ja,” in ji shi. “Me direba zai yi?”

Ajin da kullum ke amsawa kamar rufi zai yaye, yau ko tari ba wanda ya yi.

“Kun kurumce ne? Na ce ja. Me direba zai yi?”

A benci na biyu akwai wata siririyar yarinya da ake ce wa 'Yar Tela, domin uwarta ɗinki take yi, ita kuma tun tana rarrafe take cikin zare da ƙyallaye. Ta ɗaga hannu a hankali.

“Malam, kore ne.”

“Me kika ce?”

“Na saman kore ne. Jan yana ƙasa.”

Malam ya cire tabarau. Ya dubi ƙwan, ya dube ta. Ya taɓa wayar ƙasa, ya koma ta sama. A idonsa duka biyun launinsu ɗaya ne, wani dishi-dishi mai kama da rawaya, sai dai na ƙasa ya ɗan fi haske. Wanda ya fi duhu shi ya sani da ja tun yana yaro.

“Fita ki durƙusa a bakin ƙofa,” ya ce.

Ta fita tana share ido, amma a ƙofar sai ta juyo ta ce, “Malam, mu gwada mu gani.”

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Shi ya sa maganar ta shige shi. Ya juya ga ajin ya ce duk wanda ya ga kore a sama ya ɗaga hannu. Da farko biyu suka ɗaga, sai goma, sai ajin gaba ɗaya. Ya ƙirga da bakin alli, hannu hamsin da biyu. Yaro ɗaya ne kawai bai ɗaga ba, wani dogo a layin baya, ɗan mai gyaran wutar lantarki, wanda malamai suka daɗe da yanke wa hukuncin daƙiƙanci.

“Kai fa?”

“Ni duk iri ɗaya na gan su, Malam.”

Yara suka ƙyalƙyale da dariya, Malam kuwa ko murmushi. Ya aika a kira masa malamar aji biyar da ke maƙwabtaka da su. Da ta zo ya taɓa wayar sama kawai ya tambaye ta launin.

“Kore mana,” ta ce. “Lafiya, Malam? Ka ga yadda kake gumi kuwa?”

Ya laluba kujera ya zauna. Ya yi wa 'Yar Tela alama da hannu ta koma wurinta. Har aka kaɗa ƙararrawar fita tara yana ta kallon ƙwai biyu a tafin hannunsa.

Da aka tashi bai tsaya hira a ofishin malamai ba. Ya hau babur ya kama hanya. A mararraba danja ta tsayar da shi, ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganinta. Nan ya gane shekara da shekaru ba launi yake bi ba, wuri yake bi: in na sama ya kama a tsaya, in na ƙasa ne a wuce. Sai da na baya suka dame shi da oda kafin ya farga an sake su.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ciro ƙwayayen daga aljihu.

“Maman yara, wane launi ne wannan?”

Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa. Sai ta ajiye kwandon kayan a ƙasa, ta jawo kujera ta zauna.

“Wa ya gaya maka?” ta ce.

Wannan tambayar ta fi abin da ya faru a aji kaɗa shi.

“Kin sani?”

“Tun watanmu na biyu da aure. Na aike ka tumatir ka kawo mini ɗanyu shar, kana ta yabon jansu. Ba ka lura tun daga ranar ban sake aikenka cefane ba? Ka zaci gata nake yi maka?”

“Shekara ashirin da shida, ba ki buɗe baki ba?”

“Na buɗe sau ɗaya. Ka yi kwana uku ba ka ci abincina ba.”

Ta ci gaba da zayyano masa, ba faɗa ba zolaya. Ita ke jera masa riga da hular da za su dace tun da asuba. Rigar nan da yake kira mai ruwan ƙasa, wadda ya fi so, koriya ce. Yaran gidan duk sun sani, ta hana su magana. Har mahaifiyarsa ta sani, ta ce haka yayanta marigayi yake, ba ya gane nunanniyar gwaiba sai ya latsa.

“Sai ni kaɗai ke nan,” ya ce.

“Sai kai kaɗai.” Sai ta ƙara da cewa, “Ka tuna yadin da babbar 'yarka ta roƙe ka lokacin da za ta gama firamare? Ja ta ce tana so. Ka kawo mata wani kore mai duhu. Da ta yi kuka ka ce ba ta da godiya, ka sa ta saka shi dole.”

Ya tuna. Ya tuna har da yadda ya ɗaga mata murya a gaban ƙannenta. Yanzu tana gidan mijinta da 'ya'ya uku. Ya shiga ɗaki ya kira ta a waya, ya yi ta kame-kame kafin ya kai ga maganar. Ta yi dariya ta ce, “Haba Baba, abin da ya wuce shekara goma sha biyar?” Amma daga muryarta ya ji ba ta manta ba. Bayan ya kashe wayar ya daɗe zaune a bakin gado, yana lissafin zanen ganye da na fure da ya soke wa yara da biro, ya rubuta musu “a gyara launi.” Yara nawa ne suka koma gida suna zaton idonsu ne bai da kyau?

Ranar Alhamis ya je asibitin ido. Likitar matashiya ce, sa'ar 'yarsa. Ta buɗe masa wani littafi, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige.

“Baba, wace lamba ka gani?”

“Goma sha biyu.”

Ta juya shafi. “Nan fa?”

“Babu komai. Ɗigo ne kawai.”

Ta kira mai shara da ke wucewa da tsintsiya, ta nuna mata daga nesa. Matar ko tsayawa ba ta yi ba ta ce, “Saba'in da huɗu.”

Likitar ta yi masa bayani. Ba ciwo ba ne da ya same shi da girma, da shi aka haife shi. Ta wajen uwa ake gadonsa, kuma ya fi kama maza. Ba ya ƙaruwa, ba shi da magani.

“To ku me kuke gani a jikin ja?” ya tambaya.

Ta rufe littafin ta ce, “Wallahi Baba ban san yadda zan faɗa maka ba.”

Kafin ya fita ya roƙe ta aron littafin na mako guda. Ta ce ba a fita da shi, amma in hedimasta ya rubuto takarda, ita da kanta za ta zo makarantar.

Ranar Litinin ya shiga aji shida bai riƙe alli ba. Ya kira 'Yar Tela gaban allo. Ta fito a tsorace.

“Wannan yarinya ta faɗi gaskiya na hukunta ta,” ya ce. “Ni ne ban gani daidai ba, kuma ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ki yafe mini.”

Yaran suka yi tsuru-tsuru. Ba su taɓa jin babba ya nemi gafarar yaro ba, balle Malam Gwaji. Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta fashe da kuka. Da ta yi shiru ya ba ta ledar ƙwayayen da takarda mai gam, ta rarrabe su, ta manna wa kowanne harafin farko na launinsa: J, R, K. Darasin ranar kuwa a kan ido aka yi shi.

Bayan mako biyu likitar ta zo. An gwada yara ɗari biyu da 'yan kai, aka samu maza biyar. Dogon nan na layin baya yana ciki. Ashe in malamai suka yi rubutu da jan alli a koren allo, da ƙyar yake hango shi, ya sha bulala a kan haka tun daga aji ɗaya.

Iyayen yara huɗu suka yi godiya. Mai gyaran wuta kuwa tafe ya yi da zafinsa har ƙofar aji, da filaya a aljihun gaba.

“Ni karatu na kawo shi, ban kawo shi a nemo masa ciwo ba. Yaron da zai gaje ni za ku ce ba ya gani? Allura in ta faɗi shi ke tsinto wa uwarsa.”

“Yana gani sarai,” in ji Malam. “Kana da waya a jakarka?”

Mutumin ya zaro guntaye uku, ja da kore da ruwan ƙasa, ya shimfiɗa a kan tebur. Ya ce wa ɗansa, “Miƙo mini ja.”

Yaron ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki koren ya miƙa.

Uban bai karɓa ba. Ya dafa tebur da hannu biyu.

“Watan jiya na sa shi ya jona mini soket a gidan mutane,” ya ce a hankali. “Na ce masa ja a dama. Ban duba ba.”

Bai tsaya sallama ba ya fita da gudu, ya hau babur. Da yamma ya dawo ya samu Malam yana kulle akwati. Ya ce ya kwance soket ɗin, a juye yake, Allah ne ya tsare ba a fara amfani da ɗakin ba. Suka zauna a bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur, suna shawarar yadda yaron zai koyi sana'ar: a naɗa wa kowace waya alama, kuma kada ya taɓa komai sai ya sa abin gwajin wuta.

Malam ya ƙara shekara bakwai yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Halin nasa bai fita duka ba, yakan cire tabarau in aka musa masa, sai dai yakan mayar da shi ya ce a sake faɗa. Gwajin ido kuwa ya zauna a makarantar, duk farkon shekara ake yi wa 'yan aji huɗu. Malamar aji biyar ce ke riƙe da shi yanzu, kuma bara an samu yara uku.