Mazarin Mahaifiyata a Ɗakin Tarihin Kimiyya

Shekarun baya kaɗan, makarantar da ɗiyata take koyarwa a Kalgo ta ware wani ɗaki na tarihin kimiyya da ƙere-ƙere, don yara su ga yadda kayan aiki suka faro. Aka tara tsohuwar rediyo, da tafireta, da garmaho, da keken ɗinki na hannu, har da zugazugin maƙera. Ɗiyata kuma ta nemi kusurwa guda, ta jera kayan kaɗin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta: mazari, da dutsen gurza, da bakan shiɓa.

Sai na fara gaya muku wani abu. Ɗiyar nan ita ce ta fari, kuma mu a Gwandu ana kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba. Tun da aka yaye ta, mahaifiyata ta ɗauke ta. In za mu yi magana, sai dai in dubi bango in ce, "A gaya wa waccan abinci na nan."

Wata Asabar ta zo gida, ta zauna kusa da ƙanwata, ni ina gefe ina tsinke zogale. Ta ce wa ƙanwata shugaban sashensu ya kafa doka: duk abin da ke ɗakin sai yara sun ga yana aiki. Rediyo ta yi magana, keke ya yi ɗinki, amma mazari ya ƙi. In ranar buɗewa ta zo bai ba da zare ba, za a kwashe kayan a ba wani malami wurin. Wata uku ta yi tana haɗa kusurwar nan, har wasu abokan aikinta sun fara ce mata "Malama mai tsinke".

Na dubi ƙanwata na ce, "Tambaye ta, da wace auduga take kaɗin?"

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ga ta nan zaune, kunnenta biyu. Ni mi niz zama, wayar salula?"

Ɗiyata ta dubi ƙasa ta ce, "Ta kemis, Inna. Wadda aka wanke ciwo da ita."

Na danne dariya da gefen mayafi. Audugar asibiti an wanke ta an kashe mata jiki, ba ta kama juna. Na ce a tambaye ta ina allin da ke cikin ɗan ƙoƙon. Ashe masu shara sun zaci datti ne sun zubar. Allin nan ƙashi ne ake ƙonawa har ya yi fari, ana dangwala shi a yatsu don mazari kada ya zame.

Zuwa Kalgo bai ko zo mini a rai ba. In zauna kusa da ita gaban mutane? Sai na yi dabara. Na aika garin Dodoru wurin wata 'yar uwarmu mai 'yan itatuwan auduga a bayan ɗaki, aka kawo mini cikin kwarya. Na ƙona ƙashi na yi alli. Sannan na ɗauko littafina na ajin yaƙi da jahilci, na zauna yini guda ina rubuta yadda ake kaɗi. Shafi biyu cur! Ina ji da kaina kamar na rubuta littafin jami'a. Na haɗa takardar da audugar da allin, na ba ƙanwata ta aika mata.

Kwana uku sai ga kira a wayar ƙanwata. Wai ɗiyata ta bi takardar layi-layi, amma zare yana tsinkewa. Wai na rubuta "ki ja a hankali", to hankalin nawa ne? Hannuna ya sani, amma biro bai sani ba. Saura kwana biyu a buɗe ɗakin.

Ranar buɗewa na yi shiri tun da safe, na ce wa ƙanwata za ni gaida wata mara lafiya a Kalgo. Ta ce, "Awo, mara lafiya mai son auduga. Mu tafi, in raka ki."

Mun tarar ɗakin cike da 'yan makaranta. Na laɓe a bayan ƙofa. Na hango ɗiyata durƙushe, gumi na zuba, tana murza mazari yana faɗuwa. Yara suka fara ƙus-ƙus. Shugaban sashen, wani dattijo mutumin ƙasar Zuru, mai gilashi, ya dubi agogo ya ce da taushin murya, "Malama, kin yi ƙoƙari. Bari mu wuce gaba."

Ban san lokacin da ƙafata ta ɗauke ni ba. Na ratsa yara, na shimfiɗa mayafina na zauna a ƙasa, kafaɗata na gogar tata. Ban dube ta ba. Na ce, "Miƙo."

Wannan ce kalma ta farko da na taɓa gaya mata kai tsaye a gaban jama'a.

Na gurza auduga a kan dutse, angurya ta fita. Na shiɓe ta da baka har ta tashi kamar kumfa. Na dangwali alli, na murza mazari. Shekara ashirin rabona da kaɗi, zaren farko ya tsinke, wata yarinya ta ce, "Ita ma Baba ta faɗi jarrabawa!" Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ƙulla na sake. Sai ga zare yana fitowa siriri, mazari na juyi yana 'yar ƙara.

Can sai na ji muryar ɗiyata ta dawo. Tana nuna musu ɗan dunƙulen yumɓun da ke gindin mazari, tana bayanin yadda nauyinsa ke sa juyin ya daɗe, wai irin wannan dabarar ce a cikin keken ɗinki da injin niƙa. Ni da na tashi da abin nan a hannu ban taɓa sanin haka ba. Na saurara kamar sauran ɗalibai.

Dattijon ya durƙusa ya taɓa zaren. Ya ce, "Mama, haka kakata take yi, na manta sam. Malama, wannan kusurwar ba mai taɓa ta."

A mota ƙanwata ta dame ni da tambayar jikin mara lafiya. Na ce ta samu sauƙi.

Har yau kunyar tana nan, ban fasa ba, haka aka rene mu. Amma na gane cewa ajiye kaya a kan tebur bai isa ya riƙe tarihinsu ba, sai an sami hannun da ya san su. Na kuma gane tsofaffinmu masu ilimi ne, ko da ba su riƙe biro ba. Yanzu duk zangon karatu nakan je sau ɗaya. Ni in yi kaɗi, ita ta yi bayani. 'Yan mata huɗu sun iya, zarensu da kauri kamar igiyar guga, amma ba ya tsinkewa.