Kafinta da Kamu na Huɗu

Yatsu tara da rabi gare shi. Rabin da ya ɓace zarto ne ya ɗauke shi daga manuniyar hannun hagu, tun yana saurayi yana koyon kafintanci, kuma bai taɓa jin haushin zarton ba. Cewa yake laifinsa ne: wata yarinya ta gifta ta ƙofar shago da kwandon wanki a ka, ya bi ta da ido, hannu kuma ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Yarinyar ita ce matarsa yau shekara arba'in da ɗaya.

Shagonsa yana ƙarshen layi, bango ɗaya da shagon mai aski. Rabin ƙofofin layin shi ya rataya su. Ya yi gadajen da aka haifi yara a kai, ya yi bencinan da yaran suka zauna a makaranta, ya kuma yi wa wasunsu gadon aure da suka girma. Fensir a bayan kunne, garin katako a gira, da wani ɗan tari da ƙurar aikin ta bar masa a ƙirji, wanda yake zuwa ba sallama. A ganinsa, duk abin da ya ƙi zama daidai a duniya awo ne aka yi ba daidai ba. In ƙofa ta ƙi rufuwa ba ya lallashinta, sauke ta yake yi ya kankare gefen.

Ƙarya ɗaya ya taɓa yi wa matarsa, ita ma tun kafin aure. Akwai wani direba da ke nemanta a lokacin, mai rediyo a mota, shi kuwa ba shi da komai sai guduma. Sai ya ce mata ai shi ba ya bukatar rediyo, da hannunsa yake kiɗa, jita yake kaɗawa. Ta ce ya kawo ta ji. Ya nuna mata yatsan da ke naɗe da bandeji, ya ce sai ya warke. Bayan aure aka ce wani aboki ya ari jitar ya yi tafiya da ita. Daga nan yara suka zo, huɗu a jere, maganar ta kwanta. Amma duk bayan shekara biyu ko uku, tana cikin ninke kaya, sai ta ɗago ta tambaye shi ko yatsan ya warke, shi kuma ya ce da saura kaɗan.

Bana likita ya ce yanar ido ta rufe mata idon dama, sai an yi aiki. Na hagun dama ya daɗe da rauni, haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Za a rufe mai kyaun na 'yan kwanaki, ba ɗinki, ba talabijin, ba sunkuyo. Mako uku aka ba su kafin ranar aikin. Da suka dawo gida ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon hannayenta.

"Malam," ta ce, "in sun rufe min ido, sai ka yi min kiɗan nan. Yatsan dai ya warke ko?"

Ya jira dariyar da ta saba biyo bayan tambayar, ba ta zo ba. Nan ya gane matar da ba ta tsoron likita, ba ta tsoron mai gidan haya, duhu take tsoro. Ya ce ya warke.

Autarsu, wadda ke aikin jinya, ita ta kawo masa maganin ƙaryar. Ta ce jita ta yi masa yawa a mako uku, ga ƙanwar jitar, ukulele: 'yar ƙaramar aba mai tsirkiya huɗu, da kaɗan ta fi tsawon hannunsa. Waƙar da za a kaɗa kuwa ba sai an tambaya ba, wadda uwar take rerawa ce in tana shanya, ta wani jirgin ƙasa da ya tafi da mutum bai dawo da shi ba. Auta ta zana masa a bayan takardar magani inda kowane yatsa zai danna. Kowane irin riƙo da harafinsa, shi dai ya sa musu suna kamu. Kamu huɗu ne waƙar duka.

Na farko yatsa ɗaya ne, ya iya shi kafin shayinsa ya huce, har ya ce ashe makaɗa cin banza suke yi. Na biyu ya ci masa kwana biyu. Na uku kwana biyar, har sabuwar kanta ta fito masa a kan yatsu bisa tsohuwar kanta. Yana zaune a kan bencin aiki, abin a ƙirjinsa kamar jariri, harshe a waje, yana ƙirgawa da ƙafa. Mai aski, wanda ya shekara talatin yana kiransa Tara da Rabi, ya leƙo ya ce kwastomominsa na tambaya ko kyanwa aka matse da ƙofa.

Sai na huɗu, wanda Auta ta rubuta wa harafin E. Yatsu uku ake so su cushe a gurbi ɗaya da bai kai faɗin akwatin ashana ba, manuniya kuma ta miƙa baya ta danne tsirkiyar ƙasa. Yatsunsa kuwa kowanne kamar ƙotar guduma. In biyu suka shiga, na ukun ya tsaya a waje. In ya tura na ukun da ƙarfi, na farkon ya zame. Guntuwar manuniyar tana can tana lilo a iska, ta kusa, ba ta kai ba. Ya kaɗa, abin ya ce ƙwas, kamar an taka busasshen ganye. Kuma kamun ba a gefe yake ba da za a kauce masa. Yana daidai inda jirgin ke tashi, inda muryar matar take hawa sama, sau uku a cikin waƙar.

Ya ɗauko tef ya auna wuyan abin, ya auna yatsunsa, ya rubuta a jikin bango. Ya kira Auta a waya ya shaida mata cewa wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa ganin hannun mutum ba. Ta ce yara 'yan shekara bakwai suna kaɗa shi. Ya ce to ai ga shi nan, don su aka yi. Ya sa samfefa ya rage kaurin wuyan ta baya, ya rage, ya ƙara ragewa, har ya ji tsoron ya karye. Wuyan ya yi santsi kamar kumatun jariri, kamun bai matso ko taku ɗaya ba. Ya jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Ya roƙi mai aski ya ja masa yatsu, mai aski ya ja har suka yi ƙara, ya ce shi aski ya koya, ba ɗori ba.

Saura kwana shida dabara ta zo masa, irin ta kafinta. A shago ba ya yanka da guduma, ba ya buga ƙusa da zarto, kowane aiki da abin yinsa. To me ya sa abu ɗaya zai yi kamu huɗu? Ya ciro ƙyauren wani tsohon kabad, ya kwana uku yana yanka yana mannawa da gam, ya ƙera ukulele ta biyu, ya ɗaura mata ragowar tsirkiyoyin da Auta ta bari. Sannan ya sassaƙa ɗan katako mai haƙora huɗu, ya liƙa musu roba, ya ɗaure shi da noti a wuyan, daidai inda yatsu suka gaza. Ya kaɗa. Kamu na huɗu ya fito tas, mai zurfi, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Shi kaɗai ta iya, amma ta iya shi fiye da kowa.

Matsalar hannu ce: kafin ya ajiye ɗaya ya ɗauki ɗaya, jirgin ya yi nisa. Nan mai aski ya shigo. Aikinsa shi ne ya tsaya a bayan tagar ɗakin matar da ukulele ta biyun, in ya ji alama ya kaɗa sau huɗu ya tsaya. Matar ba za ta gani ba. Mai aski ya ce shi bai taɓa yaudarar majinyaci ba, amma zai so ya gwada. Suka yi shawarar alama, suka tsaya a kan tari.

Aiki ya yi kyau, aka dawo da ita gida ido a naɗe. Da la'asar Auta ta jingina ta da matashin kai, ta zauna a gefenta. Kafinta ya sa rigarsa mai kyau duk da matar ba za ta gan ta ba, ya jawo kujera kusa da taga, ya ɗora ukulele a cinya. Yana buɗe baki zai ce bismillah, ƙurar kwana ukun nan ta taso masa a ƙirji. Ya yi tari.

Daga bayan taga kamu na huɗu ya shigo, sau huɗu, tas.

Ya yi sauri ya fara waƙar don ya rufe ɓarnar. Kamu na farko, na biyu, yana ɗingishi amma yana tafiya, matar ta fara bi a hankali da hanci. Tarin ya sake zuwa a tsakiyar baiti, taga ta amsa. Ya danne na gaba har idonsa ya kawo ruwa, ya kuɓuce masa sau biyu a jere, mai aski mai riƙon amana ya ba da takwas. Da aka iso inda jirgin ke tashi kuwa, maƙogwaro ya bushe, ya nemi tarin sama da ƙasa ya rasa. Ɗakin ya yi tsit. Auta ta cusa fuska a cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Malam," matar ta ce, "tun yaushe tagar nan ta koyi kiɗa?"

Ya ce iska ce take mayar da sauti.

"Iskar tana ƙamshin hodar aski." Ta juya fuska wajen tagar. "Sannu da aiki, maƙwabci. Ya iyali?"

Daga waje aka ce lafiya lau, ya jiki. Ta ce da sauƙi, ya koma shago kada kwastomomi su gaji da jira. Aka ji takun mutum yana tafiya, abin yana ɗan kuka a hammatarsa.

Kafinta ya zauna yana kallon yatsunsa. Ya ce mata gaskiya ɗaya bayan ɗaya: kamu uku ya iya, na huɗun ya fi ƙarfinsa, kuma jitar nan da aboki ya ara, babu ita, babu abokin. Ta ce ta sani tun ranar da ya faɗa, don mai kiɗa ba ya tafa hannu waƙa ta bar shi a baya kamar yadda yake yi.

"Ni ban ce ka kawo min mai kyau ba," ta ce. "Cewa na yi ka yi min. Fara daga farko."

Ya fara. Wannan karon ta buɗe baki ta rera, muryar ta tsufa amma ba ta manta hanya ba. Yana jin wurin yana matsowa kamar rami a titi. Ya cusa yatsu uku, guntuwar manuniya ta miƙa iyakar miƙawarta, ya rufe ido ya kaɗa. Ƙwas. Sai dai a daidai nan ta ɗaga murya sama, sama da yadda take yi a wurin shanya, ta haye da waƙar ta sauke ta a ɗaya gefen, inda kamu na farko ke jiransa da yatsa ɗaya. Haka suka yi a karo na biyu. A na uku dariya ta kusa kayar da ita, Auta ta ce Mama a hankali, likita ya hana jijjiga.

Da suka kai ƙarshe ta laluba ta kamo hannunsa na hagu, ta shafa kan yatsun, inda tsirkiya ta yi layi-layi a cikin kanta. Ta ce akwai sauran rana kafin magariba, kuma ita ba inda za ta je. Ya gyara zama, ya yi tarinsa a natse, ya sake ɗaukowa daga farko.